Metir Muntari da Ɗamarar Mota

A tashar Madawa, zamanin da motocin kat-san-kat ke sarautar hanya, an yi wani direba da ake kira Metir Muntari. Sunan Muntari ubansa ne ya raɗa masa da rago. Metir kuwa shi ya raɗa wa kansa, ko kaza ba a yanka ba. Yana saurayi ya taɓa aikin shara a gidan shari'a na Tawa, inda ya ji ana kiran lauyoyi da wannan suna, kuma a faɗarsa duk dokar da ta faɗi ƙasa a zauren nan shi ya share ta ya zo da ita gida. Tun daga nan babu gardamar da za a tayar a tasha, ta gona ce ko ta aure ko ta kokawa, da ba zai gyara hula ya ce, "Doka ba haka tac ce ba."

Mutum ne mai jiki, tumbinsa kan riga shi shiga mota. Ba ya tuƙi sai da babbar riga, wai wanda ke tuƙi da 'yar shara bai san darajar sitiyari ba. Motarsa mai buɗaɗɗen baya ce, da ita yake kwaso albasar Hajiya Hamsatu daga Sabon Gida zuwa bakin kwalta inda manyan motocin kamiyo ke lodi. Wannan lodin shi ne tuwon gidansa na shekara.

Wata safiya yana dawowa, a shingen shiga gari, wani sabon jandarma mai suna Iliyasu ya busa masa usur. Kwanan nan aka kawo shi, bai riga ya san wanda ake tsayarwa da wanda ake ɗaga wa hannu ba. Ya karɓi takardu ya duba, sannan ya leƙa ta taga. Bai ga komai ba sai shadda, don rigar Muntari ta cika gaban motar har tana taɓa ɗaya ƙofar.

"Ina santir?"

Santir ita ce ɗamarar nan da ke jikin kujera, wadda aka ce direba ya ɗaura a ƙirji. A lokacin yawancin direbobin tasha sun san ta kamar yadda suka san teku, wato sun ji labari.

"Tana nan," in ji Muntari.

"Ban gan ta ba."

"Samari, ka ga zariyar wandona?"

"A'a."

"To wandon ya faɗi?"

Iliyasu bai yi dariya ba. Ya rubuta takardar tara, ya miƙa masa, ya sa parmin tuƙin Muntari a aljihu, ya ce ya kai motar gida ya aje, in ya biya a birgadi, wato ofishin jandarmomi, zai karɓi abinsa.

Tarar ba ta kai kuɗin buhun albasa guda ba. Direbobi suka ce ya je ya biya a wuce wurin. Muntari ya hau bencin mai shayi ya zauna, ya jira sai da kowa ya yi shiru.

"Ku ne ka biya," ya ce, "don ba ku san artikil ɗin doka ba. Ni zan shiga birgadin nan in fito da parmina, ko dala ban aje ba. Ina gayyatar kowa. Wanda bai taɓa ganin an koya wa jandarma aikinai ba shi zo da tabarma."

Da labari ya kai Sabon Gida, Hajiya Hamsatu ta aiko da saƙo gajere. Albasa ba ta san artikil ba, ruɓewa ta sani. In Litinin ta waye ba shi da parmi, lodin kakar nan duka ta ba Usama, wani yaron direba da Muntari ke cewa shi ya koya masa bambancin birki da totur.

Muntari ya tafi birgadi ya sami Kumanda yana shirin fita rangadi. Ya yi masa bayani mai tsawo, wanda ƙarshensa shi ne ya ɗaura santir ran nan, sai dai ta ƙarƙashin riga ta bi, ta shiga ta hannun hagu ta fita ta hannun dama, kuma babu dokar da ta ce sai an gan ta. Kumanda mutum ne marar yawan magana. Ya ce Litinin da asuba zai bar gari, saboda haka Muntari ya zo ran Lahadi bayan azahar da motar, ya nuna masa yadda aka yi.

Ya koma gida yana tafiyar wanda ya ci zaɓe. Matarsa Zaliha tana tankaɗe ta saurare shi har ya gama.

"Maigida, wace santir za ka nuna? Ba ita ta ka yanke ka ba taubashinka Gado ba, tun shekarun baya?"

"Abin da ya wuce, doka ba ta san shi ba."

"Gado ya san shi."

"Ke dai ki wanke mini farar shaddar nan, ki sa mata sitati."

Katanga ɗaya ta raba gidan Muntari da na Barnabas, makaniken da ya yi shekaru a garejin asibitin mishan kafin ya buɗe nasa a gari. Ran Asabar Muntari ya same shi ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ke waje, ya yi wa ƙafafun bayani.

"Santir ina iya samo maka," in ji Barnabas daga ƙasa. "Amma in anka tambaye ni yaushe na ɗaura ta, zan faɗi."

"Wa zai tambaye ka? Kai makanike na, ba shaida ba."

Barnabas ya tona tarin ƙarafan bayan gareji. Ya sami ɗamarar da harshenta a jikin wata mota da kaji ke ƙwai a ciki, ya sami makullin a jikin wata dabam da ba a ma san irinta ba. Ya ɗaure kowanne a wurinsa da noti, ya gwada haɗa su, ya girgiza kai.

"Ba uwarsu ɗaya ba. Harshen ya fi ramin kauri. Bari Litinin in goge shi."

"Litinin an gama shari'a."

"To ka riƙe ta da hannu ta cikin riga. Kada ka tura ta ciki da ƙarfi."

Muntari ya yi murmushin da yake yi wa mutanen da ba su taɓa zuwa Tawa ba.

Lahadi da hantsi ya shirya. Ya sha ƙwaryar fura don ƙarfin jiki, ya bi ta da shayi kofi bayan kofi don murya ta buɗe, ya ƙara da ruwan randa don shayin ya sauka. Ya sa farar shadda tana ƙara saboda sitati, ya kafa hula, ya fito ƙofar gida inda motar ke tsaye, ya ce za a yi gwaji. Zaliha ce jandarma. Maƙwabta da ba su da aikin yi suka tsaya a inuwa.

Ya shiga ya zauna. Ya jawo ɗamarar ta hannun riga na hagu, ya ratsa ta kan tumbi, ya fito da ita ta hannun dama, ya kai harshen bakin makulli. Ya ƙi shiga. Ya danna, ya ƙi. Ya tuna maganar Barnabas, ya kuma tuna cewa riƙe santir da hannu aikin marar gaskiya ne.

"Kawo tabarya."

"Maigida, Barnaba ya ce..."

"Barnaba ya san noti. Kawo tabarya."

Ta kawo. Ya saita harshen, ya ce ta zagaya ta ɗaya ƙofar ta buga. Zaliha mace ce da ta yi shekaru tana dakan gero, ba ta iya bugun wasa ba. Aka ji ƙas.

Muntari ya baza rigar a kai. Ba a ganin komai sai fari fat.

"To, jandarma, tambaye ni."

"Ina santir?" in ji Zaliha, tana riƙe da tabarya kamar bindiga.

Ya ɗaga gefen riga a hankali. Ga ɗamara baƙa ta raba tumbinsa biyu. Wani tsoho a inuwa ya ce lalle wannan hujja ce. Muntari ya sa aka maimaita sau da yawa, kowane karo yana ƙara jinkirin ɗaga rigar. Da ya gamsu ya ce bari ya sauka ya kewaya, ya danna jan maɓallin makullin.

Maɓallin ya shige ciki bai dawo ba.

Ya sake dannawa. Ya ja ɗamarar, ita kuma ta ja shi, don irin wadda in an fizge ta take ƙara matsewa ce. Ya haɗiye ciki, aka ja, cikin ya dawo ya tarar wurinsa ya ragu. Wani ya ce a tura kujerar baya. Ba ta turuwa, don Muntari da kansa ya sa aka yi mata walda tun bara, wai tana motsi. Wata maƙwabciya ta kawo man gyaɗa aka tsiyaya a makullin, rabi ya shiga, rabi ya bi farar shadda. Wani ya ce sabulu, aka sa sabulu. Wani ya ce kananzir, aka sa kananzir, aka kuma roƙi masu shan taba su matsa. Tsohon nan ya ba da shawarar a zame shi ta ƙasa kamar yadda ake fid da ɗan akuya, aka kama ƙafafunsa aka ja, ɗamarar ta hau maƙogwaro, aka mai da shi da sauri.

Zaliha ta shiga gida ta fito da wuƙar yankan kuɓewa.

"Mi za ki yi da wagga?"

"Yanke ta zan yi."

"Ki yanke hujja? Ran shari'a? Kin san hukuncin wanda ya lalata hujja?"

"Ban sani ba. Na san hukuncin wanda ya sha ƙwaryar fura."

Ya ce a kira Barnabas. Aka ce ya tafi majami'a da iyalinsa tun ɗazu. Muntari ya ce ba komai, su bi shi can, ai hanyar birgadi ce. Ya kai hannu zai murɗa makullin mota.

"Da wane parmi?" in ji Zaliha.

Ya janye hannun. "Gwada ki nike."

Maƙwabta suka gwada turi, amma unguwar yashi gare ta, kuma nauyin da ke gaban motar ba kaɗan ba ne. Sai aka aika a kira Gado mai amalanken jaki. Gado taubashin Muntari ne, ɗan kawunsa, wanda al'ada ta ba shi izinin ya faɗa masa duk abin da ya ga dama ba a yi fushi ba, kuma bai taɓa barin izinin nan ya kwana ba. Ya iso da jakinsa, ya zagaya motar, ya leƙa, ya shinshina kananzir.

"Bawana, wa ya ɗaure ka? Faɗa mini in je in yi mai godiya."

"Ɗaura igiya ka yi shiru."

Aka kwance amalanke, aka ɗaura igiya daga jakin zuwa gaban mota. Gado ya ja linzami, maƙwabta suka tura ta baya, Zaliha ta bi gefe da wuƙa a hannu. Motar ta motsa. Muntari ya kama sitiyari, ya ɗaga kai kamar mai duba gonakinsa.

A nan ne idonsa ya sauka kan jakin. A ƙirjin dabbar, inda igiyar jan kaya ke kamawa, akwai wata baƙar ɗamara mai faɗi, ta zagayo ta haɗu a gefe da makulli mai jan maɓalli, yana walƙiya a rana don Gado na goge shi da toka. Muntari ya san ta. Ya san ma ƙunar taba da ke kusa da makullin, don shi ya yi ta.

"Gado. Cire wancan abin."

"In cire da mi zai ja ka? Da addu'a?"

"To a rufe shi. Zaliha, ba da mayafinki."

"Mayafina? Ga jaki?"

"Sirrin shari'a na."

Aka yafa wa jakin mayafi shuɗi mai zanen furanni, aka ƙulla a wuya. Kafin wannan, masu wucewa kallo ɗaya suke yi su wuce, don mota a bayan jaki ba baƙon abu ba ne a gari. Amma jaki da mayafi ba a taɓa gani ba. Mutane suka fara bin su.

Majami'ar ƙarama ce, a bakin hanya. Suka tarar ana waƙa. Muntari ya ce a jira, ai yanzu za su fito. Aka gama waƙar aka ɗauko wata. Aka gama aka shiga wa'azi. Rana ta hau kan rufin motar, man gyaɗa da kananzir suka fara dahuwa a cikin shadda, furar kuma ta gama zagayenta ta iso inda za ta. Muntari ya haɗa gwiwoyi. Ta taga ana jin mai wa'azi yana magana kan haƙuri, kuma da alama ya shirya sosai.

Da aka tashi, Barnabas ya fito da kwat ɗinsa na Lahadi, matarsa Dinatu a bayansa. Ya tsaya ya dubi jakin, ya dubi mayafin, ya dubi Muntari. Ya leƙa ya ga makullin.

"Da mi kab buga ta?"

"Kanta ta shiga."

"Da tabarya," in ji Zaliha.

"Barnaba, kwance notin nan na ƙasa, in na fito ka mai da shi. Aikin ƙiftawar ido na."

"Yau Lahadi."

"Na san Lahadi ta. Shari'a yau ta."

"Sifana kuwa sai gobe. Shekara nawa muna katanga ɗaya, ka taɓa jin ƙarar ƙarfe gidana ran Lahadi?"

"Wannan ceton rai na, maƙwabci."

Barnabas ya sake duba shi da kyau, kamar mai duba injin da aka ce ya mutu. "Da ranka na cikin haɗari da na kwance. Ba ranka ba na. Ga wuƙa nan hannun Zaliha, ita ba ta hutun Lahadi."

Dinatu ta tausaya masa, ta kawo masa ruwan sanyi a moɗa. Muntari ya dubi ruwan kamar an nuna masa maciji, ya ce ya gode, yana azumi.

Aka ci gaba. Mutanen majami'a, da yake sun riga sun yi ado kuma ba su da sauri, suka bi baya. Da aka ratsa ta tasha, direbobin da ya gayyata suka taso, wasu har da tabarmar da ya ce. Aka kira azahar suna hanya, jama'a suka tsaya suka yi salla, Muntari ya yi tasa a zaune da ishara, bai daɗe a kanta ba.

A ƙofar birgadi Iliyasu ne ke gadi. Ya ga jaki da mayafi, ga mota, ga rabin gari. Ya ɗaga hannu, jakin ya tsaya.

"Kai ne na karɓe wa parmi. Ga ka kuma kana tuƙi."

"Shef, ka ji ƙarar inji?"

"Hannunka na kan sitiyari."

"Hannuna na hutawa. Mai tuƙi shi na wanda ke sa mota ta tafi, shi sa ta tsaya. Da ka ɗaga hannu, wa ya tsaya?"

Iliyasu ya dubi jakin.

"To ka gani," in ji Muntari. "Shi na direba. Ni fasinja na."

Direbobi suka yi guɗar maza, wato suka buga cinya. Muntari ya so ya ji daɗin wannan nasara, amma dariya ba ta cikin abubuwan da zai iya yi a halin da yake ciki.

Aka shigar da su fili. Aka ce Kumanda na jiransa a ofis. Muntari ya aika cewa don girmama hujja, ya fi kyau Kumanda ya ga komai a inda yake. Kumanda ya fito yana sakace, ya tsaya gefen taga, ya ɗan ja baya saboda wari.

"Ranka shi daɗe," in ji Muntari, "duba da kyau. Ka ga santir?"

"Ban gani ba."

"Haka Shef Iliyasu bai gani ba."

Ya kama gefen rigar, wadda yanzu ba fara ba ce, ya ɗaga. Bai yi jinkirin da ya koya da safe ba, da sauri ya yi. Ga ɗamara ta nutse a tumbi. Jama'a suka yi gunaguni na yarda. Kumanda ya sa yatsa ya ja ta, ya ji ta tamau. Ya dubi Iliyasu, Iliyasu ya dubi takalmansa.

"To," in ji Kumanda. "Sauko ka sa hannu ka karɓi parminka."

Muntari ya ga parminsa, ya ga albasar Hajiya Hamsatu, ya ga bencin mai shayi da labarin da zai yi shekara yana bayarwa. Tsakaninsa da su taku kaɗan ne.

"Ranka shi daɗe, a kawo takardar nan. Ni mutum na da in na ɗaura santir ba ni son kwance ta."

Kumanda ya ɗaga kafaɗa, ya ce a ɗauko. Da haka za a gama, ba don Zaliha ba. Tun da Kumanda ya fito take jin kunya, ga ta matar aure tsaye gaban manya da baƙi babu mayafi, ga nata a wuyan jaki. Ta lallaɓa ta kwance abinta, ta kakkaɓe, ta yafa.

Rana ta bugi makullin nan da Gado ke gogewa da toka. Hasken ya faɗa idon Kumanda. Ya juya, ya taka zuwa wurin jakin, ya duƙa. Ya danna jan maɓallin, ya buɗe sumul. Ya mai da shi, ya ce ƙas.

"Wannan ta fi waccan aiki. Ina ka samo ta?"

"Kyauta ta, ranka shi daɗe," in ji Gado. "Bawan nan nawa ya ba ni, damina uku ko huɗu da sunka wuce. Gabana ya yanke ta daga motar ga. Ya ce ba ta da amfani sai ga mai tsoron mutuwa."

"Taubashina na," in ji Muntari. "Doka ba ta karɓar shaidar taubashi. Wasa shi kai."

"Ga ƙunar tabarka nan jiki," in ji Gado.

Kumanda ya dawo wurin motar, ya buɗe ƙofa, ya duba notin da ke riƙe da ɗamarar. Komai na motar ya yi tsatsa, notin nan kaɗai ke sheƙi.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Daga cikin masu kwat aka ji gyaran murya.

"Ni na," in ji Barnabas.

"Yaushe?"

"Jiya, bayan la'asar." Ya juya wajen Muntari. "Na gaya maka."

Muntari ya gyara hula. Gumi na bin ta.

"Ranka shi daɗe, mu koma ga asalin doka. Doka ta ce santir ɗin mota ta zan ɗaure. Ga motata. Ga santir ɗinta ta asali, ga ta ɗaure, kuma shekara da shekaru ba a kwance ta ba. Ina laifin?"

"Shef," in ji Kumanda, "wa ya ce maka shi ke tuƙa motar nan yau?"

"Ya ce jakin ne direba."

Kumanda ya gyaɗa kai. "To direban yau ya ɗaura santir, babu tara a kansa. Direban ran nan kuwa zai biya tasa. Parmi kuma ba ya fita sai na ga santir mai buɗewa da rufewa a motar nan, da idona. In an nuna mini kafin magariba, to. In ba haka ba sai na dawo rangadi."

Muntari ya buɗe baki zai ɗauko wani artikil. Abin da ya fito dabam ne, kuma a hankali ya fito.

"Zaliha. Kawo wuƙar."

"In lalata hujja, Maigida?"

"Zaliha."

Ta yanke. Mutanen da suka san Muntari shekara da shekaru sun ce ba su taɓa sanin yana iya gudu ba. Ya tattare riga ya zagaya bayan katangar birgadi, jama'a suka buɗe masa hanya ba tare da an roƙe su ba. Ya daɗe. Kafin ya dawo Zaliha ta kwance bakin zanenta ta biya tarar, don tun safe ta ƙulla ta a nan.

Ya dawo da sauƙin jiki da sabon tunani. A duk garin, santir mai aiki da ya sani guda ce, kuma tana tsaye a filin tana kaɗa kunne. Ya ja Gado gefe, ya sassauta murya.

"Ɗan kawu. Ara mini ita zuwa magariba. Mu ɗaura, Kumanda shi gani, in mai da maka."

"Wa zai ɗaura? Barnaba sai gobe."

"Ni zan ɗaura."

"Da tabarya?"

"Gado, lodin shekara na."

Gado ya yi tunani, ya shafa wuyan jakinsa, ya dubi ƙofar birgadi inda Iliyasu ya koma ya tsaya da usur a baki.

"Ba ni iyawa, bawana. Ka ji da kunnenka, jakin ga direba na. In na kwance mishi, ta gaban Shef za mu fita."

Haka aka ja motar aka mai da ita gida, jakin a gaba, Muntari a baya cikin masu turi.

Litinin da hantsi yana zaune a bencin mai shayi da tsohuwar riga, don shaddar nan, Zaliha ta ce sai dai a yi fitila da ita. Direbobi suka kewaye shi, kowa na jiran ya ji ta inda zai ɓullo.

"Shari'ata an ɗage ta sai Kumanda ya dawo," ya ce. "Amma ku faɗi gaskiya. Jakin nan ya shiga birgadi yana jan mota, ba parmi, ba takarda ko ɗaya. Ya fito ba tara. Wa ya tsaya mai, in ba ni ba?"



Sai ga ƙaho daga hanyar Sabon Gida. Motar Usama ce, an lafta mata albasa har tana tafiya a karkace, Hajiya Hamsatu a gaba. Usama ya rage gudu daidai mai shayi, ya fito da hannu ya gaishe da Metir cikin ladabi, ya wuce bakin kwalta.

Muntari ya bi motar da kallo har ta sha kwana. Ya kurɓi shayi, kaɗan, ya gyara hula.

"Bai ɗaura santir ba," ya ce. "Doka ba haka tac ce ba."